Sautun kayan salla

Idan azumi ya kama, mutanen Kwaya sukan fara shirin salla. Kowane uba yana son ya ba ƴaƴansa sabuwar riga, ko hula, ko takalmi. Amma ba kowane kaya ake samu a ƙauye ba. Shi ya sa ake yin sautu. Sautu shi ne mutum ya ba matafiyi kuɗi ya sayo masa kaya daga Magariya, ko Damagaram, ko Kantin Kwari na Kano.

A da akwai wani irin sautu da ake yi da takarda. Manyan kantuna na Faransa sun daɗe suna buga wani littafi mai kauri, ana ce masa katalog. A cikinsa akwai hoton kowace haja, da lambarta, da kuɗinta. Manufrance na garin Santetiyan ya fara aiki a 1885. La Redoute na garin Rube ya buga katalog ɗinsa na farko a 1928. A da, ma'aikata kamar malaman lakwal sukan samu irin wannan littafi. Sai mutum ya duba, ya zaɓi abin da yake so, ya rubuta lambarsa da awonsa. Daga nan ya aika da takardar da kuɗin ta gidan waya, ya zauna jira.

Mai wannan sautu dole ya iya lissafi, don kuɗin da ke cikin littafin na Faransa ne. Kafin 1994, faran ɗaya na Faransa daidai yake da sefa 50, wato dala goma. Takalmin faran 40 ya zama sefa 2000 ke nan, jikka biyu. Bayan haka akwai kuɗin aikowa da na duwan. Wanda ya manta da su, kuɗinsa ba za su kai ba.

Yau mutane da yawa a wayar hannu suke duba hotunan kaya. Tela ma yakan nuna hotunan ɗinki, a zaɓa. Amma hoto ba ya nuna kaurin yadi, ba ya faɗin ko takalmi zai shiga ƙafa. A kasuwa mai saye yana taɓa kaya, ya gwada, ya taya. Mai sautu kuwa sai kaya sun iso yake ganinsu. Saboda haka mai hankali yakan auna ƙafar yaro da tsawonsa tukuna. Yakan haɗa kuɗi duka, sa'an nan ya aika tun farkon azumi. In ya yi jinkiri, ranar idi yaronsa zai fita da tsohuwar riga, sabuwar tana hanya.

Tambayoyi

1. Mene ne sautu?
2. Waɗanne abubuwa uku ne ke cikin katalog?
3. Kafin 1994, hular faran 20 na Faransa jikka nawa ce?
4. Me ya sa ake yin sautu tun farkon azumi?