Babi na Tara: Alhazan da Hanya Ta Zaunar a Sudan

Duk wanda ya yi nazarin ƙaurar al'ummai zai tarar yawancin masu barin ƙasarsu yunwa ce ke korarsu, ko yaƙi, ko neman arziki, wannan kuwa sananne ne, ba ya bukatar sharhi. Amma Hausawa da Fulani da Barebarin da suka bazu a ƙasar Sudan, tun daga Junaina da Fashir har Gadarif da Kasala, da yawansu ibada ce ta fitar da su, gama da niyyar sauke farali suka bar gida, zama kuwa ya zo musu sannu a hankali ba tare da sun ƙudurta shi ba.

Sau da yawa akan ji mutane, har da waɗanda ake kyautata wa zaton ilmi, suna cewa wai mutanenmu ba su san Sudan ba sai bayan yaƙin Burmi. Wannan zance ba shi da tushe, kuma ya isa a daina maimaita shi. Hanyar gabas, wadda ta ratsa Borno da Wadai da Darfur, alhazai sun tattake ta tun kafin Nasara su leƙo ƙasar Hausa, har ma lokacin da Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan a shekarar 1881, labarinsa bai daɗe ba ya iso yamma, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a yana zaune a Adamawa. Abin da Burmi ta yi shi ne ta mai da tafiyar ɗaiɗaiku hijirar jama'a: da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da ɗimbin talakawa da malamai, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli na wannan shekara, sa'an nan ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar muhajirai har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin da suka kafa yake amsa sunansa har yau.

To, a nan ne abin da ya fi jan hankalina yake, kuma mas'ala ce ta fiƙihu. Allah ya wajabta hajji a kan mai iko, malamai kuwa suka yi saɓani a kan ma'anar ikon. Wasu mazhabobi sun sharɗanta guzuri da abin hawa, amma a mazhabar Imamu Malik, wadda ita muke bi, mutumin da yake da lafiyar tafiya a ƙasa, kuma yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya ba tare da wulaƙanci ba, to ana lissafa shi cikin masu iko. Dubi yadda wannan hukunci ya buɗe wa talaka ƙofa! Wanzami ya rataya zabirarsa, maɗinki ya ɗauki allurarsa, almajiri ya riƙe allonsa, manomi kuwa ya dogara da ƙarfin damtsensa, kowa ya kama hanya da iyalinsa, in guzuri ya ƙare a sauka a yi noman damina ɗaya ko biyu, a tara abin da ya samu, a ƙara gaba. Ta haka tafiya kan ci shekaru, a haifi yaro a Wadai, a yi masa kaciya a Darfur, a aurar da shi a Wad Madani, shi ma ya haifi nasa, alhali in ka tambaye shi sai ya ce maka kan hanya yake, in Allah ya nufa zai ƙarasa Makka. Wannan niyya ita ta riƙe musu harshensu da makarantun allonsu da auratayya a tsakaninsu, domin matafiyi ba ya ganin dalilin sake kamanni a masauki.

Ƙasar kuma ta bukace su. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun waɗannan Takari, kamar yadda ake kiransu, ya yi aiki mai yawa wajen shuka da tsinka, haka nan a gonakin dawa da riɗi na Gadarif.

Batun dokar zama ɗan ƙasa yana da sarƙaƙiya, a taƙaice dai dokokin farko sun nemi mutum ya tabbatar kakanninsa suna ƙasar tun kafin Ingila da Masar su ci ta da yaƙi a 1898, sharaɗin da ya bar zuriyar muhajiran Burmi a waje, aka ci gaba da kallonsu baƙi ko da yake kaburburan iyayensu suna nan. Daga baya an sassauta dokar, amma zukata ba su bi ta da sauri ba, shaida kuwa ita ce rikicin da ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu cikin Yuli na 2022 kan mallakar ƙasa da neman sarautar gargajiya ga Hausawa, wanda ya ci rayuka masu yawa. Mutanen da suka shafe fiye da shekara ɗari suna noma ƙasa, suna biyan harajinta, suna binne mamatansu a cikinta, 'yan ƙasar ne, kuma zalunci ne a kira su da wani suna.