Cinikin Sunayen Adireshin Intanet: Nauyin da ke Kan Mai Sayarwa

MAIDUGURI — A Umarari, kamar sauran unguwannin Maiduguri, duk wanda ya fito da fili kasuwa sai ya nuna takarda, a kuma kira bulama da maƙwabta su shaida, domin an sha ganin fili ɗaya an sayar wa mutum biyu. Irin wannan ƙa'ida ce ta hau kan wata haja da ba a riƙe ta a hannu, wato sunan adireshin intanet da 'yan kasuwa ke kafa shafinsu a kai.

Hajar ba ta wasa ba ce. A 1999 an sayar da business.com kan dala miliyan 7.5, a 2019 kuma voice.com ya tashi dala miliyan 30. Kasuwanni irin su Sedo ta Jamus da Afternic ta Amurka su ne dillalan da ke baje sunayen, suna karɓar la'ada.

Nauyi na farko shi ne mai sayarwa ya tabbatar hajar tasa ce. Ba a mallakar suna har abada; rajista ake yi, a riƙa sabunta ta da kuɗi. A Nijeriya, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ita ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Attajirin da ya ba wani yaro aikin buɗe masa shafi ya duba tukuna ko sunan wa ke cikin rajistar, ya kuma ci gaba da sabuntawa har ciniki ya faɗa, domin in wa'adi ya wuce, wani na iya ɗaukewa.

Na biyu, kada sunan ya zama na wani ne. Sashe na 25 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta haura naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya kama sunan wani kamfani ko hukuma da nufin hana mai shi amfani da shi. Har ila yau, ƙa'idar da hukumar ICANN ta kafa a 1999 ta ɗauki rajistar sunan wani domin a sayar masa da tsada a matsayin shaidar mugun nufi, kuma cibiyar WIPO da ke Janeba na iya ba da umarni a mayar wa mai haƙƙi.

Na uku, a bayyana aibi. Idan akwai ƙara a kan sunan, ko an taɓa damfara da shi, wajibi ne mai saye ya sani. Wanda ya baje suna a kasuwa biyu kuwa ya janye ɗaya da zarar an saya.

Daga ƙarshe sai miƙa haja. Akan ajiye kuɗin a hannun amintacce, kamar Escrow.com, har mai sayarwa ya buɗe sunan ya ba da lambar sirrin sauya hannu. Kafin nan, ya raba asusun bankinsa da duk akwatin wasiƙar da ke kan sunan, in ba haka ba, saƙonnin abokan cinikinsa hannun baƙo za su faɗa.