Ƙonni da Satiru: yadda gidan tarihi zai ba da labari mai ɗaci

Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiya ce kaɗan. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ƙone garin, ta karkashe jama'arsa. Wannan labari bai da wuyar rubutawa a allon gidan tarihi, domin mai laifin baƙo ne.

Na Satiru, kudu da Sakkwato, shi ne mai nauyi. A Fabrairun 1906 talakawa da bayin da suka tsere suka yi tawaye, suka kashe Turawa uku. A watan Maris sojojin Ingila suka rusa garin, aka kashe mutane wajen 2,000, kuma Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu yana ɓangaren Turawa. Jikokin ɓangarorin biyu suna nan da ransu.

Gidan tarihi irin na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, in zai taɓa wannan, rahoton Gwamna Lugga kaɗai ba zai wadatar ba, shi ne fa ya tura sojojin. Sai an haɗa da abin da tsofaffin ƙauyukan yankin suka gada daga bakin kakanninsu, a kuma faɗa wa mai ziyara wane ne ya faɗi me.