Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowane manomi ya san iri. In an gama girbi, tun ba a taɓa hatsi don tuwo ba, sai maigida ya ware damin da ya fi kyau, ya ajiye inda ɓera da gara ba za su kai ba. Ko yunwa ta matsa, ba a cin iri, gama wanda ya ci irinsa ya ci gonar baɗi.

To, abin da gida ke yi, ƙungiya ma ya kamata ta yi. Yau da wuya a sami ƙauyen da ba shi da ƙungiya. Akwai ta manoma masu sayen taki tare. Akwai ta mata masu adashi da matsar man gyaɗa. Akwai kwamitin rijiyar burtsatse, akwai ƙungiyar 'yan kasuwa. Kowace ɗayansu tana riƙe da dukiyar jama'a. Ga tambayar da za mu duba a wannan karatu: in gobara ta tashi da dare, ko ruwa ya ci gari, ko ma'aji ya rasu, yaya aikin ƙungiya zai ci gaba kashegari?

Bankuna da manyan asibitoci da kamfanoni suna da amsar wannan tambaya a rubuce. Har ma'aikata suke ɗauka domin wannan aiki kaɗai. Amma babu wani asiri a ciki. Mutane ne suka zauna tun ana lafiya, suka ce, in kaza ya faru, wane zai yi kaza. Ƙungiyar ƙauye tana iya yin haka a gindin bishiya, da littafi da biro.

Wani zai ce, ai ambaton masifa kiranta ne. Ba haka ba ne. Wanda ya gina rumbu ba shi ya kira fari ba. Ya dogara ga Allah, ya kuma kwaɓa ƙasa.

Abin Da Ya Sami Waɗansu

Cikin watan Maris na 2016 wuta ta kama kasuwar Sabon Gari ta Kano da dare. Kafin a shawo kanta, shaguna dubbai sun ƙone. Cikin Fabrairu na 2023 babbar kasuwar Maiduguri ta ƙone, ita ma da dare. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ga ruwa. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Ya shiga gidaje da kasuwanni, ya shiga asibiti, ya shiga gidan yari, har gidan namun daji bai tsira ba.

Ku lura da abu guda. Ruwan Alau ya taɓa cin Maiduguri a 1994. Shekara 30 ke nan tsakani. Yaran da aka goya a wancan ruwa, su ne magidanta a wannan. Mutane sun manta, an yi gini inda ruwa ya taɓa bi. Saboda haka farkon aikinku shi ne ku tambayi tsofaffi. Ina ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa? Daga wace unguwa wuta ta saba tashi da hunturu? Wace gada ce ke yankewa da damina? Ku rubuta abin da suka faɗa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sa'an nan ku jera ayyukanku, ku tambayi kowane ɗaya: kwana nawa zai iya jira? Taron wata yana iya jiran wata guda, ba wanda zai cutu. Rabon taki yana iya jira da rani, amma in shuka ta fito, mako biyu ma ya yi yawa. Ruwan sha ba ya jiran ko yini ɗaya. Aikin da ba ya jira, shi za ku fara yi wa tanadi. Kwamitin rijiya, alal misali, ya ajiye ƙananan kayan famfo da suka saba lalacewa, ya san makaniki biyu ba ɗaya ba, ya kuma yi magana da ƙauyen makwabta tun yanzu, inda za a ɗebi ruwa in famfo ya tsaya.

Littafi

Yawancin mutane, in an ce asarar gobara, kaya suke tunawa. Amma akwai asarar da ta fi ta kaya wuyar gyara, watau asarar littafi.

A ce ƙungiya ta ba mutum 60 bashin taki, za su biya da kaka. Magatakarda ya rubuta sunan kowa da buhun da ya ɗauka. Littafin yana cikin sito. Sito ya ƙone. Yanzu wa ya ɗauki buhu biyu, wa ya ɗauki uku? Wa ya riga ya biya rabi? Mai gaskiya ma zai ce bai tuna daidai ba. Marar gaskiya kuwa ya sami ƙofa. Kafin a jima sai zargi ya shiga, wannan ya daina gaisawa da wancan. Taki ana iya sayen wani. Amana in ta fashe, ƙungiya ta watse ke nan, ko da ginin yana tsaye.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kowane littafi mai muhimmanci a yi shi biyu: na sunayen 'yan ƙungiya, na zubi, na bashi. Na biyun kada ya kwana ɗaki ɗaya da na farko. Kada ma ya kwana unguwa ɗaya, gama wutar da ta ci sito tana iya cin gidan da ke jikinsa. A kai shi gidan wani amintacce da ke kan tudu. A sa shi cikin leda, a ɗaure, kana a sa cikin akwatin ƙarfe. Leda don ruwa, ƙarfe don ɓera da gara. Amma kada ku ɗauka akwatin ƙarfe yana hana babbar wuta. In ƙarfe ya yi zafi ƙwarai, takardar da ke ciki takan zama gawayi. Nisa shi ne maganin wuta.

Yaushe za a riƙa kwafewa? Ga lissafin. In kuna kwafewa kowace Juma'a, abin da zai ɓace muku ba zai wuce rubutun kwana 7 ba, wanda kowa zai iya tunawa. In sai ƙarshen shekara kuke yi, to, kuna iya rasa na wata 11. Ku zaɓi rana, ku riƙe ta. Mutum biyu su zauna, ɗaya yana karantawa, ɗaya yana rubutawa, sa'an nan su sa hannu a ƙasan shafi.

Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki hoton kowane shafi. Haka nan takardar rajista, da ta fili, da rasit na manyan kaya. Amma hoton da ke waya ɗaya kaɗai bai tsira ba, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. A tura wa mutum biyu, ɗaya daga cikinsu ya zama mazaunin wani gari.

A nan ne karatunku zai yi rana. Ƙungiyoyi da yawa suna da littafi ɗaya ne saboda mutum ɗaya ne ya iya rubutu. Ku da kuke wannan aji, wanda hannunsa ya faɗa, ya je ya ce a ba shi littafi na biyu. Ba rashin yarda da magatakarda ba ne. Kariya ce gare shi, ran da wani zai ce an ci masa kuɗi.

Mutum Ɗaya

Akwai ƙungiyar da komai nata yana kan mutum ɗaya. Makulli yana aljihunsa. Shi kaɗai ya san dillalin taki, shi kaɗai banki ya san sa hannunsa. Jama'a suna yabonsa, suna cewa ai wane ya tsaya mana. Lalle ya tsaya. Amma ran da ya tafi aikin Hajji, ko ciwo ya kwantar da shi, ƙungiya ta kwanta tare da shi. In ya rasu, kuɗin jama'a yana iya daɗewa a banki ana neman takardu.

Kowane muƙami a yi masa mataimaki, kuma a bar shi ya riƙa taɓa aikin, ba suna kawai ba. Makulli ya zama biyu. A banki a ba da sunan mutum uku, a ce kowane biyu daga cikinsu suna iya sa hannu.

Kuɗi Da Kaya

Kuɗin da ke cikin gwangwani a shago, wuta tana cinsa kamar kara. Wanda ke banki ba ya ƙonewa. In bankin mai lasisi ne kuma ya durƙushe, akwai hukumar NDIC, wadda aka kafa a 1988, tana biyan masu ajiya har iyakar wani adadi. Amma kada ku ce banki ya gama magana. Ku tuna farkon 2023, sa'ad da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Mutane suna da kuɗi a banki, sun kwana a layi ba su samu ba. Tura kuɗi ta waya ma yakan maƙale. Mai hatsi a kasuwar ƙauye ya karyar da kayansa don ya ga tsabar kuɗi. Saboda haka a raba. Babban kaso a banki, kaɗan a hannun ma'aji, wanda zai riƙe aiki mako guda ko biyu.

Ban da wannan, a buɗe asusun ko-ta-kwana. A ce ku 40 ne, kowa yana ba da naira 500 a wata. A wata an sami 20,000, a shekara 240,000. Ba zai gina sabon sito ba, amma zai ɗauki hayar ɗaki, ya gyara inji, ya biya mota. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma shi ne mai wuya: kada a taɓa shi don biki, ko suna, ko tarbar baƙo. A rubuta abin da ya halatta a buɗe shi dominsa. Ƙungiyar da dukiyarta ta yi nauyi ta nemi bayanin inshora. Akwai irin wadda ake kira takaful, wadda aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci, kuma akwai kamfanoninta a Nijeriya. A sa mai karatu ya karanta takardar a gaban kowa kafin a biya, a san abin da ta ɗauka da abin da ta bari.

Kaya kuwa, kada a tara su duka ɗaki ɗaya. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. A daminar 2022 ruwan sama ya shiga Kantin Kwari a Kano, ya ɓata yadi da atamfa masu yawa. Inda ruwa ya shiga, abin da ke ƙasa shi yake fara samu. Kamu biyu tsakanin buhu da daɓe yana iya zama bambancin riba da asara.

Game da wuta, ga kaɗan da kowa zai riƙe. A kashe kayan lantarki kafin a rufe shago, don sau da yawa ana kawo wuta da tsakar dare ba kowa. Kada fetur ya kwana tare da kaya. A ajiye bokitin yashi a bakin ƙofa. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, gama man yakan hau kan ruwan ya bazu. Wutar lantarki ma ba a zuba mata ruwa sai an yanke ta daga tushe. Kada a toshe hanya da tebura. Motar kashe gobara in ba ta sami hanya ba, daidai take da wadda ba ta zo ba.

Alama Da Gwaji

Ruwa, ba kamar wuta ba, yakan yi sallama. Hukumar kula da yanayi, watau NiMet, tana ba da hasashen damina a farkon kowace shekara. In za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wanda ya haɗu da ruwan sama ya yi ɓarna a bakin Binuwai a 2012 da 2022, akan faɗa a rediyo. A sa mutum ɗaya, aikinsa sauraro da faɗa wa jama'a.

Amma jin labari bai isa ba, gama ran da ruwa ke tasowa kowa yakan ce a ƙara jira kaɗan. Mutanen bakin kogi su kafa turke a gaɓa, su shafa masa fenti a wani wuri. A yarda tun da rani cewa ran da ruwa ya taɓa fentin, za a kwashe kaya zuwa tudu, ba sai an yi taro ba. A san amalanken wa za a ɗauka, da ɗakin wa za a zuba.

Duk wannan a rubuta shi a takarda ɗaya, ba littafi guda ba. A manna ta a sito, a ba dagaci ɗaya. Sa'an nan a gwada. Wata rana da rani, shugaba ya ce, yau mu ɗauka sito ya ƙone, ma'aji kuma ba ya gari. A je a ɗauko littafi na biyu, a ga ko rubutun ya kai makon jiya. A buga lambobin wayar da ke takardar. Za ku tarar wata lamba ta daina aiki, makulli na biyu ya yi tsatsa, mai amalanke ya sayar da shanunsa. A gyara a ranar.

In abin ya auku, a fara ƙirga mutane kafin a ƙirga buhu. Kada a bar kowa ya koma cikin wuta ko ruwa don ɗauko kaya. Kashegari a taru a wurin da aka ambata a takarda, a faɗa wa 'yan ƙungiya gaskiyar abin da ya salwanta da abin da ya saura. Magatakarda ya buɗe littafi na biyu, ya fitar da jerin asara: sunan mai kaya, irin kayan, da yawansu. A kai wa dagaci da hakimi, a kai wa hukumar agajin gaggawa ta jiha. Ma'aikatan NEMA, hukumar agaji ta ƙasa wadda aka kafa a 1999, in sun zo duba ɓarna, a ba su kwafe ɗaya, ƙungiya ta riƙe nata.