Haƙoran motar kat-kat: ƙarfi ko gudu?

A ƙauyukan Dakoro, Tanut ko Abalak, motar kat-kat ce ke kai gero kasuwa, ita ce kuma ke kai mace mai naƙuda gidan likita. Idan ta kafe cikin rairayi, ran mutum na iya shiga haɗari. Saboda haka wasu ƙungiyoyin manoma sukan ce a sauya haƙoran motarsu don ta ƙara ƙarfi. Kafin a kashe kuɗin jama'a, ya kamata mu fahimci aikin.

Ina haƙoran suke?

Mu leƙa ƙarƙashin mota. Akwai ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu na baya. A tsakiyarsa akwai wani ƙullutu kamar kabewa. Makanikai suna kiran wannan ƙarfe pon. Cikin ƙullutun akwai ƙarafa biyu masu haƙora, ƙarami da babba. Sandar da ake kira kardan tana kawo ƙarfin inji, ta juya ƙaramin, shi kuma ya juya babban, babban ya juya tayoyi. Motar kat-kat tana da pon biyu, ɗaya gaba, ɗaya baya.

Mu yi lissafi

A motocin Toyota da yawa, babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10. Idan kardan ta juya sau 41, taya ta juya sau 10. In mun raba 41 da 10, za mu sami 4,10.

Akwai wasu haƙoran masu 39 da 8. Lissafinsu ya ba da 4,88. Da su, sai kardan ta juya kusan sau 49 kafin taya ta juya sau 10. Ƙarfin jan motar ya ƙaru da kusan kashi 1 cikin 5. Amma gudu ya ragu: motar da ke yin kilomita 100 cikin awa za ta koma 84, alhali injin yana juyawa kamar dā. Bisa kwalta kuma za ta ƙara shan mai. Taura biyu ba ta taunuwa: wanda ya sami ƙarfi ya rasa gudu.

Yaushe sauyin yake da amfani?

Sau da yawa matsalar daga taya take farawa. Mai mota ya sa manyan tayoyi don cikin motar ya daina taɓa ƙasa. Babbar taya tana cin nisa a kowane juyi, amma tana yi wa inji nauyi. Sai motar ta yi sanyi wajen tashi da hawan tudu. A nan, haƙora masu lamba babba suna maido da ƙarfin da aka rasa. Haka ma motar da kullum aikinta cikin yashi ne da kaya. Wadda ta fi bin kwalta, gara a bar ta yadda take.

Babban gargaɗi

Dole gaba da baya su zama lamba ɗaya. Mu ɗauka an sa 4,88 a baya, an bar 4,10 a gaba. Da direba ya sa kat-kat, tayoyin gaba za su juya sau 10, na baya sau 8 da ɗan ɗori. Kamar shanun noma biyu ne a karkiya ɗaya, wannan na sauri, wancan na jan ƙafa. A ƙasa mai tauri, sai haƙora su karye ko akwatin da ke raba ƙarfi ya lalace.

Wannan kuskure yakan zo ta wajen sayen tsohon pon a kasuwa. Ido ba ya bambanta su daga waje. Tsofaffin Land Rover suna da 4,7, Defender kuwa tana da 3,54. A buɗe, a ƙidaya haƙora kafin a biya.

Ga kuma hanyar aunawa ba tare da buɗewa ba. A tokare tayoyi da duwatsu, a cire giya, a ɗaga taya ɗaya ta baya. A sa alamar alli a taya da kardan. A juya tayar sau biyu cur, ana ƙidaya juyin kardan. Idan ta juya sau 4 da ɗan kaɗan, 4,10 ce. Idan ta kusa sau 5, 4,88 ce. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Abin da za mu kiyaye

Ana sauya babba da ƙarami tare, ba ɗaya-ɗaya ba. A ba ƙwararren makaniki aikin, don in haƙoran ba su zauna daidai ba, pon zai riƙa kuka, ya cinye da wuri. A zuba mai mai kauri, lamba 90, a sake shi bayan kilomita 800 na farko. Da damina, bayan an ratsa gulbi, a duba man. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a sake shi.

Kafin duk wannan, mu gwada abin da ba ya cin kuɗi: rage iskar taya kaɗan cikin rairayi, sa ƙaramar giya, da rage kaya. Idan hakan bai isa ba, ƙungiya ta zauna, ta tambayi kuɗin pon biyu, ba na ɗaya ba, sannan ta yanke shawara.