Pamir, Rufin Duniya

Duk almajirin da ya zauna gaban malami ya karanci hadisi ya san sunan Imamu Tirmizi, amma kaɗan ne suka san cewa garinsu, Tirmiz, yana bakin kogin da Larabawan dā suke kira Jaihun, wanda a yau ake ce masa Amu Darya, balle su san cewa wanda ya bi kogin nan ya yi ta hawa gabas, har gonaki su ƙare, itatuwa su ƙare, zai iske kansa a bisa duwatsun Pamir, waɗanda Farisawa suka yi wa laƙabi da Bami Dunya, wato rufin duniya.

Galibin ƙasar a Tajikistan take, kuma ƙololuwar Isma'ilu Samani da ke can ta kai mita 7,495. A gabashin Pamir, inda Kirgizawa ke kiwon wata saniya mai dogon gashi da ake kira yak, iska ta yi ƙaranci har ruwa kan tafasa tun bai yi zafin kirki ba, tukunya ta daɗe a murhu nama bai nuna ba. Da yake kuwa babu itace, busasshen kashin shanu ne makamashi. Mutanen kwarurukan yamma galibinsu Isma'iliyya ne, suna girmama Nasiru Khusrau, mawaƙi kuma malami, wanda bayan ya yi hajji ya zauna Masar, tsangwama ta kore shi zuwa Yumgan ta Badakhshan, inda ajali ya riske shi.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne al'amarin shekarar 1895, lokacin da Ingila da Rasha, don gudun kada daulolinsu su haɗa iyaka, suka bar wa Sarki Abdurrahman na Afganistan wani siririn zirin ƙasa mai suna Wakhan, tsawonsa kamar kilomita 350, suka tabbatar da kogin Panj a matsayin iyaka, alhali mutanen gaɓa biyun harshensu ɗaya, aƙidarsu ɗaya, suna auratayya tun kaka da kakanni. Da mulkin Sobiyet ya kafu aka toshe mashigai, mutum ya riƙa hango ɗan'uwansa yana noma a ƙetaren ruwa, ba halin zuwa ta'aziyya. Sai a 2002 aka buɗe gada kusa da Khorog, kasuwa ta fara ci a bakinta.