Yara 66 a Asibitin Singa

Shirin na yau zai kai mu jihar Sinnar ta Sudan, gaɓar Shuɗin Kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

A can, da damina ta kama, ruwa ya kwanta a gonaki da magudanan dam ɗin Sinnar, sai sauro ya ce ga ni nan. Manya kan sha magani su miƙe. Yaro ƙarami kuwa, zazzaɓin cizon sauron kan hau masa kai: jiki rau kamar garwashi, jijjiga, ido ya kakkafe, sai suma. Haka uwa za ta ruga da shi asibiti a goye, tana salati.

Shekara da shekaru, abin da likita ke ɗaukowa a irin wannan sa'a shi ne kwinin. Magani ne mai aiki, amma ɗan lallami. Sai an zuba shi a ƙarin ruwa, ya riƙa ɗiga har awa 4, a sake bayan kowace awa 8. Yakan sa kunne ƙara, yakan kuma kā da sukarin jini, a jikin yaron da ko nono ya kasa kamawa. Sai ga artesunate, ɗan gari a kwalba, a narka shi a tsira ta jijiya cikin 'yan mintoci, a maimaita bayan awa 12 da awa 24.

To, wanne ya fi ceton rai? Likitoci a asibitin Singa, babban birnin jihar, kudu da Mai Wurno, sun gwada. Yara 66 aka raba gida biyu, 33 kwinin, 33 artesunate. Kuma ba likita ne ya zaɓa ba, ƙuri'a ce. Ƙuri'a, masu sauraro! Dalili kuwa, likita ɗan Adam ne. Zuciyarsa na iya karkata ya ba yaron da ya fi jigata maganin da ya fi amincewa da shi, lissafi ya gurɓace.

Sakamakon ya fito a 2010: ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba wajen saukar zazzaɓi ko farfaɗowa daga suma.

Shi ke nan kunnen doki? A'a. A wannan shekarar dai aka wallafa wani gagarumin bincike mai suna AQUAMAT, a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Yara 5,425. Ku sake ji: can 66, nan 5,425. A ɓangaren kwinin, kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu; a ɓangaren artesunate, kashi 8.5. Wato cikin kowane yara 1,000, an tsira da kimanin 24 da da an rasa su. Bambanci irin wannan ba ya bayyana a ɗakin yara guda ɗaya, komai ƙwarewar likitocinsa. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa artesunate a gaba ga yara masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Akwai batun neman yardar iyaye a lokacin da hankali ya tashi, wanda mutanen Kano ba su manta ba tun gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau a 1996. Wannan sai wani shirin, lokaci ya ƙure mana.

Abu ɗaya dai: yaƙin Sudan ya iso Singa a watan Yuni na 2024, jama'a suka watse, sojojin gwamnati suka sake karɓe garin a Nuwamba. Tsakanin waɗannan watanni kuwa damina ce cur, lokacin sauro.

Mu kwana nan.